Jibo da Maganar Mai Jirgin Feshi

A shekarar da tsutsa ta addabi auduga a ƙauyukan da ke kusa da garin Hajj Abdalla, Jibo ne kaɗai mai jin Turanci a ƙauyensu. Ya taɓa makarantar boko kafin mahaifinsa ya rasu ya bar masa hawasha, wato gonar da hukumar noma ke ba manomi. Turancin nasa na gaisuwa ne da tambayar hanya, amma mutane sun ɗauke shi gwani, shi ma bai musa ba.

Wata safiya Baturen da ke tuƙa jirgin feshin magani ya tsaya da mota a bakin tur'a, babbar magudanar ruwan gonaki. Manoma suka kewaye shi, aka tura Jibo gaba. Baturen ya dubi sama ya ce, "If the wind had dropped, we would have sprayed." Ya ɗaga hannu ya wuce.

Jibo ya kama "if", ya kama iska da feshi. Ya juya ya ce, "Ya ce in iska ta kwanta za su yi feshi."

Aka yi murna. Aka ɗaure awaki, mata suka rufe randuna saboda maganin. Iska ta kwanta, jirgi bai zo ba. Aka yi ta duban sama, tsutsa kuwa tana ta aikinta. Sai da mufattish, jami'in gonaki, ya zagayo ya ce ai jirgin ya tafi tun ranar, Baturen sallama ya yi musu.

Alhaji Sodangi, ƙanen mahaifin Jibo, ya kira shi gefe. "Ɗana, mi mutumen nan yac ce da gaske?"

"Baffa, ban sani ba. Amma wallahi sai na sani."

Ranar kasuwa Jibo ya hau jaki zuwa Hajj Abdalla, ya sami Ustaz Mahmudu, malamin Turanci, wanda shi ma Bahaushe ne. Jibo ya maimaita masa maganar yadda ya riƙe ta.

Ustaz ya ce, "Faɗa mini da Hausa. Mutum yana jiran ruwa ya shuka, yaya zai ce?"

"In ruwa ya zo, zan shuka."

"To lokaci ya wuce, ruwan bai zo ba?"

"Da ruwa ya zo, da na shuka."

"Shi ke nan. Abin da Baturen ya faɗa ke nan. In ka ji 'will', akwai sauran rai. In ka ji 'had' sannan 'would have', an riga an yi jana'iza."

Nan Jibo ya gane kuskurensa. Ya ce, "Ustaz, zan riƙa zuwa duk kasuwa."

Bai fasa ba, ko lokacin tsinkar auduga da hannu ba ya hutawa. Salon magana biyun nan da Ustaz ya fara nuna masa sun zauna masa da wuri. Na ukun ne ya wahalar da shi, wanda ake faɗa kamar abu ya wuce alhali zato ne kawai, irin mutum ya ce da yana da tarakta da ya nome gari. Kullum sai ya cusa "will" inda ba wurinta ba, Ustaz ya girgiza kai, ya sake daga farko. Yana buɗe wa kunyoyi ruwa yana maimaitawa da ƙarfi, har masu wucewa suka fara cewa asarar auduga ta taɓa masa kai. Matarsa Huseina ta ce, "Malam, ko jakin nan ya kusa iyawa." Ya yi dariya ya ci gaba.

Bayan shekara biyu aka ji ana neman tafinta a wurin injinan ban ruwa na garin Suki. Jibo ya je. Injiniyan da ke gwada mutane ya tambaye shi da Turanci abin da zai yi da a ce inji ya tsaya babu kowa kusa. Jibo bai yi gaggawa ba. Ya gane injin lafiyarsa lau, zato ake yi. Ya amsa da "would", a hankali, bai kauce ba.

Aka ɗauke shi gwaji, daga baya aka tabbatar da shi. Ya bar wa ƙanensa Almu hawasha, ya kwashe Huseina da yara a lori zuwa Suki. Can ya zauna har gashinsa ya yi fari, yana tsakanin injiniyoyi da manoma. Aka san shi da hali guda: komai saurin mai magana, sai Jibo ya sa ya maimaita kafin ya buɗe baki ya fassara.