Kular Wake da Kabeji

Direba ya leƙa hagu, ya leƙa dama, sannan ya zaro kular abincinsa daga ƙarƙashin kujerar motar ofis ya miƙa wa Baba maigadi ta taga.

"Yau ma waken ne?" in ji Baba, yana murza murfin.

"Shi ne. Da kabejinsa da kokwambarsa, ba abin da aka rage."

"Allah ya yi wa uwargida albarka. Mace mai hannu ke nan."

Direba ya amsa da amin a ciki-ciki, ya zagaya ta bayan gareji. Wannan addu'ar ta Baba ita ya fi ƙin ji a duk yininsa, don duk sanda aka yi ta sai ya ji kamar an kama shi da hannu a aljihun wani.

Tun ranar da likita ya ce masa yana da ciwon suga, matarsa ta ɗaura ɗamara. Aka kori shinkafa daga gidan, aka kori burodi, aka kori lemo. Da safe dafaffen wake, da rana wake da kabeji a kula, da yamma kabeji da ɗan kifi. Da farko ya ci da zuciya ɗaya, domin a gabansa ciwon nan ya cinye ƙafar yayansa. Ya ci har wandonsa ya fara zamewa, har abokan aiki suka fara tsokanarsa wai ya koma saurayi. Sai wata rana ya buɗe kular, tururin kabeji ya bugi hancinsa, zuciyarsa ta tashi. Abincin bai lalace ba, shi ne ya kai masa iya wuya. Abin ya kai ko buhun wake ya gani a kasuwa sai ya kawar da kai. Ya yi ta mayar da kular gida da saura, matar tana kallon saurar kamar za ta yi kuka. Da ya gaji da ganin fuskar nan tata, sai ya samo Baba maigadi.

Mai abincin bayan ofis ta hango shi tun daga nesa, ta ɗauki faranti.

"Oga direba, irin na kullum?"

"Rage murya mana, baiwar Allah. Sai kin tara mini jama'a?"

Ta cika farantin da farar shinkafa, ta kwarara miya, ta ɗora soyayyen nama, ta ajiye masa lemo mai sanyi a gefe. Ya zauna a bencin can ciki yana fuskantar bango. Loma ta farko kullum daɗi ne zalla. Daga tsakiyar faranti kunya take fara shigowa, amma ba ta taɓa hana shi sharewa ba.

Yana da dabararsa. In ranar ganin likita ta matso, sai ya tuba na 'yan kwanaki, ya toshe hanci ya ci wakensa, gwaji ya fito da dama-dama, kowa ya koma gida da murna. Wannan karon ma ya yanke cewa gobe zai fara tubar.

Yana ɗaga kwalbar lemon don ya ƙarasa, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, yanzu aka kira ni daga asibiti. Wai likitanka zai yi tafiya, an dawo da ganinka yau da la'asar. Ka nemi izini, ni ma ga ni nan fitowa."

Ya ajiye kwalbar a hankali. "Yau? Ba za a iya ɗagawa ba?"

"A ɗaga a kan me? Ai ni ɗoki nake yi su ga aikinmu. Ka ci abincinka?"

"Kular ma ba komai a cikinta," ya ce. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya ji ɗacinta a bakinsa.

Ya koma ofis ya ɗirki ruwa har cikinsa yana ƙugi. Ya hau benen ya sauko, ya sake hawa, wai ko shinkafar za ta ƙone kafin la'asar. Sakatariya ta leƙo ta ce ko ɓarawo ya biyo shi ne. Bai kula ta ba, ya shiga wajen oga ya nemi izini, ya fita ya tari bas.

Ya tarar da matarsa a bencin masu jira, riƙe da katinsa, ta ajiye jakarta ta kama masa wuri. Rabonsa da ya dube ta sosai ya daɗe. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Ba ta da suga, ba ta da komai, amma abin da yake ci shi take ci, wai ba za ta iya haɗiyar shinkafa yana kallonta ba.

Nas ta kira shi, matar ta biyo bayansa. Aka soki yatsarsa, aka ɗiga jinin a 'yar na'urar gwaji. Nas ta dubi na'urar, ta dube shi, sannan ta juya ga matar.

"Hajiya, ke kike masa girki?"

"Ni ce, Sista."

"To me kike ba shi? Wannan ai ba na mai kiyaye abinci ba ne. Kullum muna faɗa muku, maganin rabi ne, rabin yana tukunyarku. Ko so kike a yanke masa ƙafa ki zauna jinya?"

Ƙofar a buɗe take, na kan benci duk suna ji. Direba ya buɗe baki. Magana ɗaya ce, ya san ta, tana nan a kan harshensa. Sai ya tuna idanun da ke bayansa, ya rufe bakin ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne," in ji matar. "Sista, wallahi laifina ne. Da yana dawo mini da abincin rana da saura, sai na ji tausayinsa. Na fara zuba masa mai, cokali guda, na soya 'yar albasa a ciki. A na kular kawai nake sawa, tunda shi kaɗai yake ci a can. Tun daga nan kular take dawowa wayam, sai na ci gaba. Na san an hana, na yi."

Nas ta yi tsaki. "Mai kaɗai ba zai kai shi nan ba. Amma wadda ta sa mai, Allah kaɗai ya san me kuma ta sa."

Matar ta sa gefen mayafi ta share ido. Likita ya ƙara yawan ƙwayoyin, ya ce in aka dawo ba a ga sauyi ba sai dai a koma allura. Direba ya yi ta gyaɗa kai, shi da kansa yana jin ƙyamar kansa.

A cikin bas sun matsu a kujerar baya. Yana kallon titi, ita tana murza takardar magani a hannu.

"Ka yafe mini, Baban yara," ta ce a hankali, don kada na kusa su ji. "Ina ganin gata nake maka, ashe da hannuna nake cutar da kai."

"Bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Yayanka fa ina gani..."

"Na ce ki bari," ya ce da ƙarfi, har kwandasta ya waiwayo. Ta ɗauka fushi yake da ita. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Da suka isa gida ko hutawa ba ta yi ba, ta shige kicin. Yana zaune a falo ya ji tana kiran maƙwabciya ta katanga, tana miƙa mata galan ɗin mai, wai ta ɗauka duka, ba ta son ganinsa a gidan. Can ta fito da tire, faranti biyu, nasa da nata. Kabeji ne da wake, fari fat, ko gishirin kirki babu. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, idanunta a kumbure.

Ya ɗauki cokali, ya ajiye.

"Maman yara."

"Na'am."

"Ni ban taɓa sanin kina sa mai ba."

"Ai na yi ta fargabar za ka gane. Cokali guda a ɗan abincin nan, ga albasa, ko yaro ya ci sai ya..."

Ta tsaya. Ta ɗago kai ta dube shi, shi kuwa bai kawar da ido ba, duk da ya so. Ya ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa. Ya jira ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta tambaye shi ina abincin yake zuwa. Da ta yi ɗaya daga ciki, da ya ji sauƙi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ture nata farantin gefe, ta gyara zama, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Ci," ta ce. "Ina kallonka."

Ya cika cokalin da kabeji, ya kai baki.