“A'a” a Ɗakin Likita

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, na mutane kawai nake karantawa. Wannan ɗin ne ya ƙi barina in huta.

Ɗakinmu ɗaya da Anti Wasilatu a unguwar Najma a Doha, otal ɗaya muke shara. Ana tsakiyar gasar kofin duniya, wata safiya jini ya ɓalle mata. Ba ta jin Turanci, sai na raka ta wani ƙaramin asibiti in yi tafinta.

Likitar ta ce in tambaye ta ko tana da ciki.

Anti ta sunkuyar da kai. “A'a.”

Na san da cikin, wata uku. Na kuma san na fari ne, wanda a gida mace ba ta amsa shi ko a gaban uwarta. Amma abin da ta faɗa shi na faɗa.

Da gwaji ya fito, fuskar likita ta sauya. Cikin yana zubewa.

“Me ya sa ta ɓoye? Me ta sha? Ina takardar aure?”

A Zariya aka ɗaura shi lokacin korona, ta hannun wakilai, ango da amarya duk suna Doha. An yi shaidu, an raba goro, amma babu takarda a jakarta. Su kuwa a nan ciki ba aure laifi ne, zubarwa ma haka.

Wata mata da ke rubutu a gefe ta taɓe baki. “'Yan Afirka, kullum labari ɗaya ne.”

Ban fassara wannan ba.

“Sunan mijin?” in ji likita, hannunta a kan waya.

“Maigida,” Anti ta ce, tana rawar sanyi.

“Anti, sunansa suke so.”

“Ke Safura, ni in kama sunansa?”

Wata nas, Liatu, 'yar Jos, ta ji Hausa ta leƙo. “Baiwar Allah, kunyar nan ki aika ta Zariya. 'Yan sanda za a kira miki!”

Na ce wa likita laifina ne. Na san tana da ciki. A wurinmu wannan “a'a” ɗin kunya ce, ni ce ban faɗa ba.

“To ta faɗi sunan da bakinta.”

Anti ta runtse ido. “Uwais.” Da ƙyar ya fito. “Direba ne a unguwar Sanaiya.”

Liatu ta kira shi da wayar Anti. Takardar limamin da ya ɗaura auren tana wayarsa, nan take ya turo hotonta. Likita ta daɗe tana dubawa kafin ta janye hannunta daga kan wayar.

“Yalla, maza ku shiga da ita.”

Suna tura gadon, Liatu tana yi wa Anti tsiya, wai ashe sunan ba ya ƙona harshe. Ni dai ba zan iya haɗa ido da Anti ba, na ajiye jakarta a kan kujera, na bi ta ƙofar baya na fita, ba wanda ya waiwayo.