Muryar Aku

A saman kowace ƙofa ta benenmu akwai wani faifan ƙarfe mai huji-huji kamar rariya. Kunne muke ce masa. An ce da can har ido gare shi, amma hayaƙin da ya rufe gari ya cinye idanun tun kafin a haife ni, ya bar shi da ji kawai. Jin kuwa ya ishe mu bala'i.

Dokar bene ita ce kowane yaro namiji ya tsaya gaban Kunnen ɗakinsu da safe ya gaishe shi. Muddin muryarsa siririya ce, yaro ne, yana da rabonsa na ruwa da abinci. Ranar da ta fashe, sai masu farin takunkumi su zo su hau da shi rufin bene, wurin matatar iska. A can ake kankare baƙin dattin da hayaƙi ke bari a jikin raga, don mu da ke ƙasa mu sami abin shaƙa. Mu mata wankin ragar muke yi a ciki, hannu ne kawai ke tsagewa. Su na sama ƙirji ne ke tsagewa. Babanmu yana cikin 'yan kaɗan da suka daɗe a can har suka yi iyali, yana saukowa jefi-jefi da tarinsa. Daga baya takalmansa kawai aka sauko mana da su.

Ƙanena kuwa Aku ake kiransa, kuma ba a zalunce shi ba. Yaron nan ko abinci ne a bakinsa sai ya ba ka labarin yadda zai ƙera jirgin da zai huda hayaƙi ya kai mu inda rana take. Na sha ce masa da surutu yana cika tulu, da mun fi kowa ruwa a benen nan.

Wata rana da hantsi yana tsakiyar labarin jirgin, sai muryarsa ta zame ƙasa ta dawo. Mama ta saki kwanon da ke hannunta. Ba don fashewar kaɗai ba. Abin da ya fito daga bakin yaron muryar Baba ce sak, har da ɗan karcen nan na ƙarshe. Allah ya taimake mu muna can ƙuryar ɗaki, famfo kuma yana zuba, Kunne bai kama ba.

Dabarar tawa ce. Tun muna ƙanana nake kwaikwayon Aku don in ba shi haushi, har Mama kan kasa bambance mu. Saboda haka kullum da safe ni nake tsayawa gaban Kunne in ƙanƙance murya in gaishe shi, ya amsa da "Sannu, yaro," a sako rabon. Shi kuma Aku ya kama bakinsa, dare da rana. Maƙwabta muka ce musu ciwon maƙogwaro ne ya kama shi. Sun sani, mun san sun sani, amma kowa yana da ɗa ko ƙane, babu wanda ya tanka.

Ban taɓa zaton zan yi kewar surutunsa ba. Sai ya zauna a bakin gado yana zana jirginsa da yatsa a kan bargo, leɓensa yana motsi babu sauti. Tausayinsa ya riƙa cina, ni kuma idan tausayi ya kama ni faɗa nake yi, don haka ya sha masifata ba laifin tsaye ba na zaune.

Matsalarmu Kaka ce, mahaifiyar Baba. Idonta ya tafi, hankalinta ma yana zuwa yana komawa. Ba ta taɓa yarda ɗanta ya mutu ba, ta ce takalmi ba gawa ba ne. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, Dogo take ce masa. Aku kuma maigidanta ne, kullum suna cikin tsiya, tana cewa ta gaji da mijin da ba ya cefane. Da ya yi shiru sai ta ɗauka yaji ya yi mata, don gaisuwar safe tana barci nake yin ta. Mafi muni, a ranar da muryar ta zame tana kwance a ɗakin, kuma ta ji. Tun daga nan ta kafe a kan cewa Dogo ya sauko, muna ɓoye mata shi.

Ranar da abin ya faru, na dawo daga wanki da rana na tarar da ƙofarmu a buɗe, gadon Kaka babu kowa. Mama tana wurin aiki. Aku ya fito daga banɗaki yana zare ido. Muka ruga bakin matakala muka leƙa ƙasa ta ramin da ke tsakiya. Can ƙasa, a hawa na farko, ga Kaka ta lallaba har gaban babbar ƙofar waje, hannunta a kan jan ƙarfen da ake dannawa idan gobara ta tashi. Wanda ya buɗe ƙofar nan ba takunkumi, numfashinsa na farko a waje shi ne na ƙarshe. Tana ta kiran Dogo, tana cewa ta san a waje muka bar shi.

Na ƙwala mata kira har maƙogwarona ya yi zafi. Ta ce in rufe mata baki, maƙaryaciya. Na fara sauka da gudu, amma ko tsuntsuwa ce ni ba zan riga hannunta ba, ƙarfen ya riga ya fara sunkuyawa. Na ɗaga kai na ga Aku ya riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu. Na girgiza masa kai. Ya gan ni sarai.

"Inna," ya ce, yadda Baba yake kiranta, muryar ta cika benen daga sama har ƙasa. "Ga ni nan a ciki. Saki ƙofar nan ki dawo."

Ta saki. Ta juyo tana dariya kamar yarinya.

Kunnen da ke kan matakala ya yi ƙara, sannan ya yi magana da muryarsa marar gishiri: "Ma'aikacin matata, ka bar wurin aikinka. Tsaya inda kake." Har lambar Baba ya karanto. Ashe ba su taɓa goge shi ba.

Masu takunkumi biyu suka zo. Na ce musu su duba da idonsu, yaro ne, ko gashin baki bai yi ba. Babban cikinsu ya dube shi, ya dube ni, ya ce shi ba a aiko shi gardama da Kunne ba, kuma a sama hannu ake nema. Kafin nan an hawo da Kaka. Ta shafa fuskar Aku, ta ce ya rame.

"Koma bakin aikinka kada su yi maka faɗa," ta ce. "Amma in ka sake saukowa ka yi wa ɗan nan naka magana. Ya daina kula ni."

"Zan yi masa, Inna," in ji Aku.

Da suka kama hanya da shi sai bakin ya buɗe. Duk abin da ya tara na watanni ya riƙa zubo mini shi daga matakala: in gaya wa Mama kada ta yi kuka, bargonsa nawa ne yanzu, kuma ya gano inda kuskuren jirgin yake, fukafukan ne suka yi gajarta. Ina jin muryar Baba tana ba da labarin jirgi har ƙofar rufi ta rufe.

Mama ba ta yi kuka a gabana ba. Da gari ya waye ta tashe ni, ta nuna mini ƙofa. A lissafin Kunne, Baba ne ya koma aiki, yaron gidan kuma yana nan. Idan bai ji gaisuwa ba za a zo tambayar inda muka kai shi.

Na tsaya, na ƙanƙance murya, na ce ina kwana.

"Sannu, yaro," in ji Kunne, ya sako rabon ruwansa.

Ashe yau Kaka ta riga mu tashi. Daga kan gadonta ta ce, "Au, maigida, yau an huce ke nan?"