Tsagar Sahura a Bangon Luƙman

Gidan kallon da Luƙman ya buɗe a Dogon Dutsi ba irin na da ba ne, inda ake shanya farin zane, mutum ya yi ta gardama ko jaki ya gani ko doki. Luƙman ɗan kasuwa ne, daga Yamai ya sayo injin. Hoton yana cika bango guda. Idan ƙuda ya gilma a ciki, kana iya ƙirga gashin ƙafarsa. Akwai kujeru masu taushi, da sanyin da ke sa tsofaffi tari. An toshe tagogi, ƙarfe uku na rana sai ka ce cikin rumbu kake.

Ranar Alhamis aka ware wa mata. Malam Kamaluddeen, matashin da ke koya musu karatu, ya samo wani tsohon fim na wasan bori da baƙi suka ɗauka a wajen Lugu, shekara arba'in da suka wuce. Yana so su ga duhun da aka fito. Mahaifiyarsa, Inna Sahura, ta hau bayan babur ɗinsa kamar kullum, ta zo ta zauna a tsakiyar layi na biyu.

Ta san fim ɗin. Ita ce a ciki, tana budurwa, ranar da Doguwa ta hau kanta. Ta bar bori tun kafin ta baro ƙauye, kuma ba ta taɓa faɗa wa ɗanta ba. Sau ɗaya ta ga kaset ɗin a wata ƙaramar talabijin, ƙura ce kawai da inuwoyi, ita ma ba ta gane kanta ba. Shi ya sa ta taho hankali kwance, har da gyaɗa a leda. Ba ta san yanzu ana wanke tsohon hoto da na'ura ba.

Goge ya tashi daga bango huɗu. Ga yarinya tana juyi cikin baƙin saƙi, ta faɗi, ta tashi. Har wani tsiro da ta taka ana ganin yadda ya kwanta, ya sake miƙewa.

"Luƙman, tsai da shi nan," in ji Malam a makirufo. "Matso muna da huskar wagga, su ga yadda shirka ke mai da mutum."

Fuskar ta cika bango. Tsagar Arawa ce, daga baki zuwa kunne, irin ta kowa. Amma ranar da aka yi wa Sahura tata ta yi atishawa, askar wanzami ta goce. Ta kuncin hagu ta rabu biyu kusa da kunne, kamar ƙafar kaza. A bango, ƙafar kazar nan ta kai tsawon mutum.

Rahina mai ƙuli-ƙuli, wadda ke zaune kusa da ita, ta kunna fitilar waya ta haska mata kunci.

"Lahaula! Inna, ashe ke ma kin sha hawa!"

"Ke da ke hana mu sauraren kiɗan biki?" wata ta ce daga layin baya. "Tashi ki taka muna, ga goge!"

Dariya ta fashe. Wayoyi suka tashi sama, wasu na ɗaukar bango, wasu na ɗaukar Inna. Ta yunƙura za ta fita, ba wadda ta janye gwiwa. Ta koma ta zauna, ta nemi idon ɗanta. Yana ƙarami, da yatsa yake bin tsagar nan har barci ya ɗauke shi.

"Malam, in kashe?" Luƙman ya tambaya a hankali.

Malam ya dubi ɗalibansa, layi bayan layi.

"Bar shi ya tai. Ba mu ƙare darasi ba."

Minti goma sha ɗaya suka rage. Ya yi bayaninsu duka, murya ba rawa, yana kiranta "wagga mata". Sau biyu mata suka roƙa a maido wurin faɗuwa, aka maido.

Da aka buɗe ƙofa, rana ta kashe wa kowa ido. Inna ta lallaɓa wurin babur, ta ɗora hannu a kujerar baya. Ledar gyaɗa na hannunta, ba ta kwance ba.

Malam ya tayar da inji, idonsa a kan hanya.

"Taho a ƙasa," ya ce. "Mutane na kallo."