Ɗorin da Yasin Ya Kwance

Saura kwana goma sha biyu a yi gudun ɗaukar soja a Keita, Yasin ya faɗo daga saman motar albasa a Tamaske, inda yake aikin lodi. Ba wata faɗuwa ce ta a zo a gani ba. Ƙwaurinsa na dama ne ya daki ƙarfen gefen mota, ya tashi ya kakkaɓe wando har yana dariya. Kafin la'asar ƙafar ta kumbura suntum, takawa ta gagara.

Aka kai shi wurin Baba Halidu maɗori, tsohon da rabin ƙasusuwan garin suka bi ta hannunsa. Ya shafa ƙwaurin sama da ƙasa, ya danna wani wuri, Yasin ya kira sunan uwarsa.

"Ƙashi bai rabu ba, tsagewa yay yi," in ji tsohon, yana jera karan dawa yana naɗewa da tsumma. "Kwana arba'in ba ka taka ta."

"Baba, gudu na nan kwana sha biyu."

"To, gudun shi jira ka, ɗana. Ni ƙashi na sani."

Gudun kuwa ba ya jiran kowa, kuma abin da ya hana Yasin sukuni ke nan. Sau biyu yana shiga, sau biyu ana cike gurbi yana hango tutar ƙarshe. Bana ce damarsa ta ƙarshe, domin baɗi shekarunsa sun wuce waɗanda ake ɗauka. Shekara guda ya yi yana hawan duwatsun bayan gari kullum bayan sallar asuba, har mata masu zuwa rijiya suka daina yi masa dariya suka koma yi masa addu'a.

Yana da aboki, Gajere, dogo ne kamar falwaya, sunan ne kawai ya bi shi tun yarinta. Gajere mutumin kirki ne, amma shawararsa ba ta taɓa kai kowa gida lafiya ba. Ran da ya zo dubiya ya tarar Yasin ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai, mi a abin damuwa? Ciwo dai na," in ji Gajere. "Akwai ƙwayar da masu amalanke ka sha su wuni suna aiki. Guda biyu, aradu ko ƙahwar taka ba ka tunawa da ita. In ka samu kaki, sai ka yi jinyarka."

Gaskiya ya faɗa, ƙwayar tana kashe zafi. Abin da su biyun ba su tsaya tunani a kai ba shi ne, zafin nan shi kaɗai ya rage yana gaya wa Yasin ya tsaya.

Da safiyar ranar gudun Yasin ya sa wuƙa ya yanke ɗorin. Ya naɗe ƙwaurin tam da robar tayar babur, irin wadda ake ɗaure kaya da ita, ya sauke wando a kai. Ya haɗiye ƙwaya biyu, Gajere ya ɗauke shi a babur sai Keita.

Samari sun fi ɗari huɗu, wasu da takalman roba, wasu ƙafa tsirara. Wani sarjan mai furfura ya yi bayani a taƙaice: kilomita takwas ne kan jar hanya, mutum sittin na farko za a ba tikiti, sauran su koma gida. Aka busa usur.

Kilomita uku na farko Yasin har mamaki ya riƙa yi. Ƙafar ta yi shiru kamar ba tasa ba, yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa Baba Halidu dariya a zuci. A na biyar ƙafar ta fara nauyi. A na bakwai sai ya lura tana sauka a karkace, ba inda ya aike ta ba, amma bai duba ba, don tsoron abin da zai gani.

Yana hango tuta, saura kamar tsawon filin ƙwallo, ya ji ƙas, irin ƙarar busasshen kara in an taka. Da kunne ya fara ji, kafin ya ji a jiki. Bai faɗi ba. Ya ci gaba da tsalle da ƙafa ɗaya yana jan ɗayar, mutane suna wuce shi, Gajere na gefe yana ihu kamar zai tsage. Ya faɗa kan layi, wani soja ya danƙa masa takarda. Lamba hamsin da takwas.

Ya zauna a ƙasa yana kuka don murna. Ya samu.

Can sarjan ya ɗaga murya: "Masu tikiti, ku tashi! Ku tai gindin iccen can a rubuta sunanku, likita shi duba ku."

Tsakaninsa da teburin da ke gindin iccen bai fi taku ashirin ba. Yasin ya dafa ƙasa ya yunƙura, duniya ta juya masa, ya koma zaune. Ya sake, ya sake komawa. Gajere ya rugo zai ciccibe shi, sarjan ya tare shi da hannu.

"Da ƙahwahunshi za shi tahi."

Sarjan ya durƙusa ya ɗaga wandon Yasin, ya ga robar, ya ga yadda ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. 

"Shef, don Allah," in ji Yasin. "Na iso. Kun gani na iso."

"Na gani, ƙanena. Shekara ashirin ban ga mai zuciya irin taka ba." Ya juya ga sojojinsa. "Ku kawo mota a kai shi likita."

Sannan ya kama hannun Yasin, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a hankali, ya zare takardar. Ya miƙe ya dubi samarin da ke tsaye cirko-cirko a bayan igiya.

"Wa yaz zo na sittin da ɗaya?"