Amfilifaya Ba Ta Haihuwar Wuta

A shekarar 2007 Hephzibah Toma tana shekara ta uku a karatun digirin dakta, a sashen fiziks na jami'a a Samaru. Bincikenta a kan maganaɗisu ne, irin siririn da ido ba ya gani. A cikinsa ƙwayoyin lantarki suna juyi kamar katantanwa. In aka girgiza ɗaya, sai girgizar ta bi maƙwabtanta tamkar igiyar ruwa. Masana na fatan wata rana a riƙa aika saƙo cikin kwamfuta da wannan igiya. Matsalar ita ce, ba ta yin nisa take mutuwa.

Da yake babu kayan gwaji, lissafi take yi da wata tsohuwar kwamfuta. A watan Yuni lissafin ya nuna mata cewa in aka ɗora sirara biyu a kan juna, igiyar na ƙara ƙarfi da kanta. Dakta Japheth, malamin da ke duba aikinta, ya yi murna ƙwarai, ya ce ta rubuta a aika wa mujalla kafin wata ya ƙare.

Ranar Asabar ta kai rediyon babanta unguwar PZ, wurin Chuks mai gyara, wanda suka daɗe da sabawa. Yana narka dalma tana ba shi labarin abin da ta gano.

"Anti, ni dai a sanina amfilifaya ba ta haihuwar wuta," in ji shi, yana nuna mata na'urar ƙara murya da ke cikin rediyon. "In murya ta ƙaru, daga batir ta ci. Taki igiyar daga ina take ci?"

Har bas ta sauke ta a Samaru tana juya maganar a ranta.

Kwana huɗu ta yi tana bin lissafin layi-layi. A shafi na goma sha ɗaya ta tarar ta sa alamar tarawa inda ya kamata ta sa ta ɗebewa. Abin da ke rage wa igiyar ƙarfi shi ta mayar mai ƙara mata.

Ta kai wa Dakta Japheth shafin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi ma sau biyu ya karanta wurin bai lura ba. Ya jawo mata kujera, ya tambaye ta me zai faru in aka riƙa ciyar da igiyar da 'yar wutar lantarki daga waje.

Nan ta sake ɗaukar aikin daga tushe. Bayan shekara biyu ta kammala, lissafinta ya nuna igiyar na iya ninka tafiyarta sau uku kafin ta mutu.