Kunnen Alma a Kan Waya

Waya ɗaya ce ta haɗa duka gonakin kwarin, kowane gida da irin ƙararsa. Ta gidan Alma Kessler doguwa biyu ce da gajera ɗaya, kuma tun da aka binne mijinta ba ta cika jin ta ba. Amma ko wane gida aka kira, sai wayar kowa ta yi ƙara. Alma takan karkaɗe garin alkama daga hannunta, ta ɗaga a hankali, ta toshe bakin wayar da tafin hannu.

Fasto ya sha yin wa'azi a kan masu laɓe, waɗanda a yarensu ake ce wa masu tsayuwa gindin indararo. Mutumin da 'ya'ya suka cika masa teburi, me zai hana shi faɗa? Kuma ba Alma kaɗai ke yi ba. Kowa ya sani, don duk wanda ya ƙara ɗagawa sai muryar masu hira ta ƙara nisa. Ka'idar dai ɗaya ce: ka ji, amma kada a ji ka.

Da wannan hirar ta aro Alma take cika gidanta. A nan ta bi cikin Lorna, 'yar maƙwabciyarta Vesta, tun daga laulayi. Har ta fara saƙa 'yar hula, ba ta ma san yadda za ta miƙa ta ba tare da an tambaye ta inda ta ji ba.

Wata Laraba da hantsi aka kira gidan Doris, ƙanwar Vesta. Lorna ta sauka. Vesta na haki tana ba da labarin yadda motar surukinta ta kafe a laka, da yadda likita ya iso da takalmi wari da wari. Doris na tsokanarta, wai tsohuwa ta zama kaka, sai a nemo mata sanda. Labari ya yi ta kewaye bai kai inda Alma ke jira ba.

"Mace ko namiji?"

Sai da maganar ta fita Alma ta ga hannunta ba ya kan bakin wayar. Can ta ji ƙit, ƙit, sauran masu laɓe na ajiyewa ɗaya bayan ɗaya.

"Namiji ne, Misis Kessler," in ji Vesta, wadda a da Alma kawai take ce mata. "Doris, sauran sai mun haɗu a coci."

Ba wanda ya yi mata faɗa. Ranar Lahadi ma da fara'a aka gaishe ta. Sai dai ta hana su ci gaba da yin kamar babu kowa a layin, kuma wannan ba su yafe ba. Hira ta ƙafe.

Ba ta daina ɗagawa ba. Vesta takan tambayi Doris ko an yi sanyi a wajensu, Doris ta ce an yi, su ajiye. Alma takan daɗe a tsaye, wayar na kunnenta.